Kwalaben Baba Tsaf

Duk ranar Talatar farko ta wata, tun kafin rana ta yi zafi, wata farar mota mai buɗaɗɗen baya takan gangara bakin dam ta tsaya inda masunta ke shanya raga. Mace ce ke fitowa, gajeriya, da takalmin roba har gwiwa, tana rungume da akwatin sanyi mai kwalabe goma sha biyu. Masunta suna ce mata Mai Kwalba. A jami'a Dakta ake ce mata, ko da yake ta daɗe da wuce wannan matsayi, sunan ne dai ya bi ta. Mutum ɗaya ne a duniya yake kiranta Auta, wato yayanta, kuma shekara huɗu ke nan rabon da ta ji sunan a bakinsa.

A bakin dam ɗin nan ta tashi. Mahaifinsu ya rasu tana aji biyu na firamare. Yaya, wanda ya girme ta da shekara goma sha shida, ya gaji lambun da ke gangaren ruwa, ya gaje ta ita ma. Shi yake ɗora ta a bayan keke ya kai ta makaranta, in an tashi kuma ta same shi tsakanin kunyoyin albasa, ta zauna kan bututun ban ruwa tana jero masa tambayoyi. Me ya sa ruwan yake garau lokacin sanyi, in zafi ya shigo ya koma kore? Me ya sa wata safiyar kifi ke tasowa sama suna haki?

"Ke dai Auta, bakinki ba ya hutu," in ji Yaya. "Je ki karanto, ki dawo ki gaya mini."

Ta kuwa je. Shekara takwas ta yi a wata ƙasa mai nisa inda tafki ke daskarewa har mutane su taka a kansa. Ta dawo da digiri uku, da ciwon gwiwa, da amsar tambayarta. Akwai wani sinadari, fosfet, yana cikin takin zamani, yana cikin kashin dabbobi da ruwan kwata. A gona abincin shuka ne. In ruwan sama ya wanke shi ya kai dam sai ya zama abincin gansakuka, ta yi yawa ta rufe ruwan, ta mutu ta ruɓe, ta cinye iskar da kifi ke shaƙa. Kuma ba ya zuwa ko'ina. Nutsewa yake yi ya kwanta cikin laka shekara da shekaru, ranar da ƙasan ruwan ya yi zafi ya rasa iska, lakar ta amayo shi, a sake sabon lale.

Abokan karatunta sun kama manyan bincike masu kai mutum taro a jirgin sama. Ita ta ɗauki aikin da babu mai kwaɗayinsa: ɗiban ruwa a wuri goma sha biyu, wata bayan wata, don a san halin da dam yake ciki. Shekara ashirin da shida tana yi. Sau biyu kawai ta fasa, da ta haifi ƴarta, da kuma shekarar da ambaliya ta cinye hanya. A ɗakin gwajinta, hawa na biyu na tsohon ginin kimiyya, ana tace ruwan, a ɗiga masa wani haɗi, a jira minti goma. In da fosfet a ciki sai ya yi shuɗi, iya yawansa iya duhun shuɗin. Na'ura ta auna launin, ita kuma ta rubuta lamba a littafi mai baƙin bango. Littattafan sun kai goma sha tara, suna jere a kanta bisa teburinta.

A bayan ɗakin gwajin akwai wani ɗan lungu mai famfo biyu da taga ɗaya. Nan ne masarautar Baba Tsaf, ma'aikacin da ke wanke kayan gwaji. Tun kafin ta fara aiki yana wurin. Ɗalibai ne suka sa masa sunan, don ko alƙalami ka ajiye a karkace sai ya miƙe shi. Farar rigar aikinsa kullum a goge take har da karin guga, kuma a tarihin sashen ba a taɓa jin ƙarar fashewar gilashi daga lungunsa ba. A makonta na farko ta gaya masa dokar kwalaben dam: sabulu ba ya taɓa su, a jiƙa su cikin ruwan asid su kwana, a ɗauraye da tataccen ruwa sau uku. Ya ce, "An gama, Dakta." Ba ta sake leƙa lungun ba. Wa zai tsaya duba aikin mutum irin wannan?

Shekara tara da suka wuce, a watan uku, lambobin suka yi tsalle. Fosfet ɗin da ya saba hawa a hankali kamar tsoho a matakala, sai ga shi ya kusan ninkawa a wata guda, kuma bai sauko ba. Ta zargi na'ura, aka gyara mata saiti. Ta zargi haɗin, ta haɗa sabo. Ta zuba tataccen ruwa a tulun gilashinta, wanda ita da kanta take wankewa, ta gwada, ya fito fari tas. Kenan ba daga ɗakin gwaji ba ne. Shekarar kuwa ta zo daidai da lokacin da ƙananan injinan ban ruwa suka yawaita, lambuna suka zagaye dam kamar kwalliya. Abu ya haɗu da abu. Akwai ɗan abin da ya tsaya mata a rai: hawan iri ɗaya ne a duk wuraren goma sha biyu, har tsakiyar dam, har mashigar rafi inda babu lambu ko ɗaya. Ta ce wa kanta iska ce ke gauraya ruwan. Ta jira shekara biyar don ta tabbata, sannan ta rubuta.

Rubutun ya yi suna fiye da duk abin da ta taɓa yi. Hukumar ruwa ta ɗauke shi, ta kafa doka: ba noma a cikin taku ɗari uku daga bakin ruwa. Aka zo aka kakkafa turaku masu jan fenti. Lambun Yaya gaba ɗayansa yana cikin taku ɗari da hamsin.

Ya zo ofishinta da rigarsa ta fita unguwa, takardar sanarwar a naɗe a hannunsa. Bai zauna ba.

"An ce ke kika ce."

"Yaya, zauna mana. Ba ni na ce ba, ruwan ne ya nuna."

"Ruwan da na koya miki iyo a ciki? Shekara arba'in ina zuba taki da tafin hannun nan. Ban ƙara ba, ban rage ba. Me ya canza?"

"Ba kai kaɗai ba ne, Yaya. Kun yi yawa yanzu. Lambobi ba sa ƙarya."

Ya dubi littattafan da ke kan kanta, ya dube ta. "To, Dakta. Allah ya bar ki da lambobinki."

Daga ranar ta zama Dakta a bakinsa. Bai yanke zumunci ba. In an yi rashin lafiya yana zuwa, in an haɗu yana gaisawa, gaisuwa cikakkiya irin wadda ake yi wa surukin da ba a saba da shi ba. Ya samu aikin gadi a wani shagon kayan gini, yana wuni kan benci tsakanin buhunan siminti.

Aka shekara, aka shekara biyu, lambobin ba su sauko ba. Wannan ma tana da amsarsa, kuma amsar gaskiya ce a kimiyya: laka ce ke amayo abin da ta haɗiya, sai an yi haƙuri. Hukuma ba ta da haƙurin laka. A bana ta yanke shawarar faɗaɗa dokar zuwa taku dubu, abin da zai tashi wasu iyalai ɗari biyu da wani abu. Aka sa ranar zama, aka ce Dakta ce za ta yi bayani.

Saura kwana goma zaman, ta tuna Baba Tsaf zai yi ritaya ƙarshen wata. Ta roƙe shi ya rubuta yadda yake aikinsa daki-daki, don wanda zai gaje shi. Washegari da hantsi ya kawo mata shafi biyu, rubutu kamar na inji, har da layi a ƙarƙashin kanun.

"Ga shi, Dakta. Ko makaho aka karanta wa zai iya."

Ta yi dariya, ta sa tabarau. Na ɗaya, a zubar da ragowar ruwan dam. Na biyu, a jiƙa kwalabe cikin ruwan ɗumi da cokali ɗaya na garin sabulu. Na uku, a goge cikinsu da burushi. Ta koma na biyu. Ta sauka har ƙarshen shafin tana neman kalmar asid, ta juya bayan takardar, ba ta gan ta ba.

"Ya yi, Dakta?"

"Ya yi, Baba. Na gode."

Da ya fita cin abinci ta shiga lungun, karo na farko cikin shekaru. Komai a jere, komai yana ƙyalli. A ƙarƙashin famfo ga gwangwanin garin sabulu da murfinsa, da wani cokali da bakinsa ya cinye saboda daɗewa. Kwalin sabulun yana gefe a ninke. Ta karanta ƙananan rubutun da ke jikinsa, ta ga abin da ta san za ta gani. Irin wannan sabulun da fosfet ake haɗa shi, kuma robar kwalba tana riƙe shi, ɗauraya ba ta fitar da shi duka.

Ba ta yarda da idonta ba, don ba haka aka koya mata ba. Ta ɗauki kwalabe shida daga cikin wankin Baba. Ta ɗauki wasu shida ta jiƙa su a asid da hannunta suka kwana. Ta cika duka sha biyun da tataccen ruwa, wanda babu komai a cikinsa, ta sa su a akwatin sanyi suka yi kwana ɗaya kamar yadda ruwan dam yake yi. Ranar Alhamis da azahar, ɗalibai suna aji, ta ɗiga haɗin ta zauna tana kallon agogon bango. Minti huɗu, ba komai. A minti na shida, shida na hagu, na wankin Baba, suka fara canzawa, wani shuɗi mai haske, kyakkyawa, irin na sararin sama bayan ruwa. Shida na dama suka tsaya fari tas.

Ta auna, ta ɗebe abin da ta samu daga lambobin shekara tara. Tsallen ya ɓace. Abin da ya rage shi ne tsohon nan mai hawa matakala a hankali, kamar yadda yake yi tun farko.

Maigidanta malamin lissafi ne da ya yi ritaya. Da la'asar ta same shi a baranda yana fama da rediyonsa da ba ta kama tasha sai an ɗaga ta sama.

"Mai Kwalba, lafiya? Kin shigo kamar wadda kifi ya zaga."

Ta zauna ta gaya masa, tun daga cokalin har zuwa shuɗin. Ya kashe rediyon.

"Shekara nawa?"

"Tara. In lissafina daidai ne."

"Kawo in duba miki, ai sana'ata ce." Ya ga ba ta yi murmushi ba, ya bari. "Wa ya sani?"

"Ni da kai."

"To me kike tunani? Don na ga akwai abin da kike taunawa."

Ta ce, "Malam, Baba zai tafi ƙarshen wata. In na koma wanki da asid ban ce wa kowa komai ba, wata mai zuwa lambobin za su faɗo da kansu. Kowa zai ce doka ta yi aiki. Za a fasa faɗaɗawa, iyalai ɗari biyun nan su tsira. Ɗalibaina uku da suka yi digiri da lambobin nan babu mai taɓa su. Baba ya tafi da mutuncinsa. Har lambar yabo sai a ba ni."

"Kai, wannan lissafi ya yi kyau. Kowa ya ci." Ya cire tabaransa yana gogewa. "Saura mutum nawa a waje?"

Su biyun sun san amsar. In aka ce doka ta yi aiki, turakun nan masu jan fenti sun zauna ke nan har abada, Yaya da sauran mutum sittin da aka tasa ba za su sake taka lambunansu ba, kuma za a rubuta a tarihi cewa su ne suka ɓata dam.

"Ni dai shekara talatin na yi ina jan biro ja," in ji Malam. "Yaron da ya gyara amsarsa kafin in karɓi takarda ban taɓa rage masa maki ba. Amma ke an riga an karɓi takardarki, an yi maki, an kafe a allo. Ba zan ce miki ba zafi."

"Na ce masa lambobi ba sa ƙarya. A fuskarsa na faɗa."

"Na sani. Kin gaya mini ranar, har kina jin kin yi magana."

Kwana biyu tana yawo da abin a cikinta. Ta shiga aji ta koyar da yadda laka ke riƙe fosfet, tana jin muryarta kamar ta wata. Abin da ya fi cin ta shi ne, gwajin da ya tona asirin bai fi aikin kwana biyu ba, kuma yana cikin kowane littafin koyarwa: ka zuba tataccen ruwa a irin kwalbar da kake ɗiban ruwa da ita, ba a tulunka na musamman ba. Ita da take kora ɗalibai su sake aiki a kan ɗigo ɗaya, shekara tara ba ta yi shi ba. Ga kuma hawan nan iri ɗaya a wuri goma sha biyu, da ya yi ta ƙwanƙwasa mata ƙofa tana cewa iska ce.

Ranar Litinin ta shiga lungun ta rufe ƙofa. Baba Tsaf yana jera kwalabe a kan tawul.

"Baba, yaushe ka fara sa sabulu?"

"Kwalaben dam? Ai an daɗe. Shekarar da odar asid ta maƙale wata biyar, kin tuna? Na ga Talata ta matso, ba asid, na ce Dakta ba ta saba fasa fita ba, ba a kaina za ta fara ba. Na kawo sabulu daga gida." Ya ɗaga kwalba ɗaya ta saitin taga. "Da asid ɗin ya zo kuma na ga ai waɗannan sun fi fita. Dubi. Da can har wani ƙarni-ƙarni suke yi."

"Ka san me ya sa na ce asid?"

"Don kashe ƙwayoyin cuta mana. Sabulun ma yana kashewa, an rubuta a kwalin."

Sai a lokacin ta gane. Ta ba shi doka, ba ta taɓa ba shi dalili ba. Shekara ashirin da shida suna gaisawa kullum, tana tambayar jikokinsa, ba ta taɓa tsayawa minti biyu ta gaya masa abin da ake nema a cikin ruwan da yake wanke wa kwalabe ba.

Ta gaya masa yanzu. Ta yi a hankali, ta nuna masa rubutun jikin kwalin. Ya saurara har ƙarshe, kwalbar tana hannunsa. Sannan ya ajiye ta a kan tawul, ya gyara mata zama ta yi daidai da ƴan uwanta, ya nemi kujera.

"Wato mutanen da aka tasa daga bakin ruwa..."

"E."

"Har da yayanki."

"Har da shi."

"Innalillahi." Ya dubi hannayensa. "Dakta, ni fa cewa nake ina taimakonki."

"Na sani, Baba. Laifin nawa ne. Ni ce ban gaya maka ba, ni ce ban duba ba, ni nake sa hannu."

"A'a, kar ki rufa mini. Hannun nan ne ya zuba." Sannan ya ce da ƙaramar murya, "Ina ta alfahari sun fi na kowa ƙyalli."

Zaman hukuma a wani dogon ɗaki aka yi shi, mai sanyin na'ura, an jera wa kowa ruwan roba a gabansa. An liƙa babbar taswirar dam a bango, da jan layin taku dubu an riga an zana. Shugaban hukumar ya gabatar da ita da kirari, ya ce ga uwar dam da kanta. Ta tashi ba ta kunna na'urar haska bango ba. Ta ciro ƙananan gilasai biyu da ta haɗa da safen nan ta ajiye a tebur, ɗaya shuɗi, ɗaya fari.

"Duka biyun tataccen ruwa ne," ta ce. "Babu wanda ya taɓa dam. Bambancinsu kwalbar da suka kwana a ciki."

Ta yi bayani cikin minti goma. Wani injiniya mai furfura a gemu ne ya fara magana.

"Dakta, tsaya in fahimta. Wato shekara huɗu muna kokawa da manoma, ana jifan motocinmu, a kan wanke-wanke?"

"E."

"Wa ya yi wankin?"

"Ɗakin gwajina ne. Sunana ne a kan rahoton."

"To yanzu dam ɗin lafiyarsa ƙalau ke nan? Mu tashi?"

"A'a. Yana ciwo, amma a hankali, kamar yadda yake tun da. Nawa ne daga lambu, nawa daga kwatocin gari, nawa daga laka, ban sani ba. Da na ce na sani. Ina buƙatar shekara biyu da kwalabe masu tsabta kafin in sake buɗe baki. Abin da na sani shi ne, hujjar da aka kafa turakun nan da ita babu ita."

Aka dakatar da faɗaɗawa. Tsohuwar dokar kuwa aka ce ba a janye doka da gilashi biyu, za a kafa kwamiti ya duba. Da aka karanto sunayen ƴan kwamitin babu nata. A makon ta rubuta wa mujallar da ta buga binciken ta janye shi, ta kira ɗalibanta uku ɗaya bayan ɗaya. Biyu sun yi shiru. Ta ukun, wadda take koyarwa a wata jami'a yanzu, ta yi kuka ta kashe wayar. A liyafar sallamar Baba Tsaf aka jera kujeru aka kawo lemo, bai zo ba, ya aiko da makullin lungun a cikin ambulan.

Yaya ta bari a ƙarshe, don shi ta fi tsoro. Ta same shi da yamma a bencinsa, ƙurar siminti ta yi masa fari a gira.

"A'a, Dakta ce da kanta? Siminti ake nema ko rodi?"

"Wurinka na zo, Yaya."

Ya matsa mata. Ta zauna a ƙarshen bencin ta faɗa masa duka, ba ta rage ba, ba ta ambaci Baba ba. Yana sauraro yana kallon titi. Da ta gama sai ya yi wata dariya da ba ta taɓa ji a bakinsa ba.

"Sabulu."

"Sabulu, Yaya."

"Injina ya yi tsatsa a soro, kaji suna ƙwai a kai. Yarona na biyu da ya iya albasa fiye da ni ya bar gari, yana dakon kaya a inda ban taɓa zuwa ba. Ni ga ni ina buɗe wa mutane ƙofa. Sabulu." Ya share fuskarsa da hannu. "Na tambaye ki me ya canza. Kin tuna?"

"Na tuna. Kai ne da gaskiya."

"Gaskiyar me zan yi da ita yanzu? Za a mayar mini?"

"Ban sani ba. Na rubuta musu. Zan sake rubutawa, kowane wata, har su gaji da ni."

"Da kin yi shiru wa zai sani?"

"Babu."

Ya juyo ya dube ta sosai, karo na farko tun da ta zauna. Ta ɗauka zai ce wani abu. Wata motar ɗaukar kaya ta yi ham a bakin ƙofa, ya tashi ya je ya buɗe, ya tsaya yana yi wa direban hannu har ya gama juyawa. Bai dawo bencin ba. Ta jira kaɗan, ta yi masa sallama daga nesa, ya ɗaga hannu.

Talatar farko ta wata mai biye, farar motar ta gangara bakin dam kamar kullum. Kwalaben akwatin goma sha uku ne yanzu, duk ita ta wanke su, ta goma sha ukun cike da tataccen ruwa, za ta je ta dawo a rufe don ta zama shaida a kan sauran. Ta buɗe sabon littafi, na ashirin. A na goma sha ɗaya zuwa na goma sha tara ta riga ta bi shafi-shafi ta ja layi ɗaya siriri a kan kowace lambar fosfet, yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa.

Masuncin da ke tuƙa ta yana kwance igiyar kwalekwale sai ta hango mutum a gangare, tsaye cikin ciyawa har ƙirji, kusa da wani turke da jan fentinsa ya koɗe. Ta san tsayuwar. Bai matso ba, ita ma ba ta je ba. Sai da kwalekwalen ya bar gaɓa ya ɗaga murya.

"Ke! Ki ɗebo ta nan ma, bakin tsohon bututuna. A auna a gani."

"Ba ya cikin wurarena goma sha biyu, Yaya!"

"To ki mai da su sha uku mana. Ko sai kwamiti ya zauna?"

Ta dubi kwalba ta goma sha uku. Wannan ta shaida ce, ba ta ɗiban ruwa ba, kuma ba za ta taɓa ta ba.

"Ba ni da kwalbar da ta dace yau. Wata mai zuwa zan zo da ita."

Ya ɗora hannu a kan turken.

"Wata mai zuwa ina nan."

Bai ce Dakta ba, bai ce Auta ba. Masuncin ya tura gora, ruwan ya buɗe gabansu, kore-kore a gefe inda gansakuka ta fara taruwa. Ta ɗora littafin a gwiwarta mai ciwo, a ƙasan layi na goma sha biyu ta rubuta goma sha uku, bakin bututun Yaya, ta bar gurbin lambar babu komai.